Jirgin ruwa na filafili mai kil da ake ɗagawa: in saya ko in haƙura?

Kabiru Legas: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen Injiniya Sani da Malama Zainab. Shekara biyu ke nan ina koyon tuƙin ƙaramin jirgin ruwa mai filafili, irin wanda iska ke turawa, a nan lagun ɗin Legas. Yanzu mu uku mun haɗa kuɗi za mu sayi na hannu, tsawonsa mita 7 da ɗan wani abu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kil ɗinsa. Ga wanda bai sani ba, kil shi ne faffaɗan ƙarfen nan da ke fitowa daga ƙasan jirgi ya nutsa cikin ruwa kamar wuƙa. Na wannan jirgin ba kafaffe ba ne, ana ɗaga shi ana saukewa. Abokaina sun ce shi ya dace da mu tunda lagun ba zurfi. Ni kuwa tun da na ji abin da ya sami jirgin Bayesian gabana ke faɗuwa. Iyalina za su hau jirgin nan, shi ya sa ba na son in yi gaggawa.

Aliyu Alƙahira: Wa alaikumus salam Yaya Kabiru. Wane ne kuma Bayesian?

Kabiru Legas: Wani katafaren jirgin shaƙatawa ne, mita 56, da jigo, wato doguwar sandar da ake rataya filafili, mai tsawon mita 72. Ya nutse ranar 19 ga Agusta 2024 da asuba, yana tsaye a kan anka kusa da Porticello a tsibirin Sisili na Italiya. Mutum 22 ne a ciki, bakwai suka rasu, har da attajirin Ingila Mike Lynch da 'yarsa. An ce kil ɗinsa a ɗage yake lokacin da guguwar ta zo.

Injiniya Sani: Kabiru, ka yi daidai da ka tambaya kafin kuɗi su fita. Amma kafin a kai ga Bayesian, sai mun raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa, don kil aiki biyu yake yi, kuma ba dole ne ƙarfe ɗaya ya yi su duka ba.

Aiki na farko, hana jirgi zamewa gefe. Iska ba kullum daga baya take zuwa ba. In ta bugi filafili daga gefe, so take ta tura jirgin gefe kamar ƙwarya a kan ruwa. Faffaɗan abin da ke ƙasa shi ke turjewa, sai ƙarfin da ya rage ya tura jirgin gaba. Wannan aikin ko allon katako mara nauyi zai yi shi.

Aiki na biyu, tayar da jirgi idan ya kwanta. Wannan kam sai nauyi, kuma sai nauyin yana can ƙasa. Shi ya sa ake zuba dalma ko baƙin ƙarfe a ƙarshen kil.

To, masu ɗagawa iri uku ne. Akwai wanda allo ne kawai mara nauyi sosai, nauyin jirgin an shimfiɗa shi a cikin cikinsa, kamar jiragen alminiyom na Ovni da ake ƙerawa a Faransa. Irin wannan ko ka ɗaga allon, nauyin yana nan inda yake. Akwai mai nauyi da ke juyawa a kan ƙusa guda, ya naɗe baya kamar wuƙar aska. Akwai kuma wanda ake ja sama a miƙe cikin akwati, da dunƙulen dalma a ƙarshensa. Waɗannan biyun na ƙarshe in ka ɗaga su, ka ɗaga nauyin ke nan. Wanne ne naku?

Kabiru Legas: Mai juyawa a kan ƙusa ne, Injiniya. Baƙin ƙarfe ne, da waya ake jansa, akwai abin murɗawa a cikin ɗakin jirgin.

Malama Zainab: Bari in ƙara a kan aiki na biyu, don nan ne lissafin yake. Nauyi kaɗai ba ya tayar da jirgi, sai an haɗa shi da nisa. Ku dubi mai ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa. In ya matso da garwa ɗaya kusa da wuyansa, ɗayar za ta rinjaye shi, alhali ruwan da ke ciki bai ragu ba. Haka kil yake. Kilo 400 a zurfin mita ɗaya da rabi ba ɗaya yake da kilo 400 a manne da cikin jirgi ba. Kowane jirgi kuma yana da iyakar kwanciyar da in ya wuce ta ba zai ƙara tashi ba. Rahoton wucin gadi da hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta fitar a watan Mayu 2025 ya ce a yanayin da Bayesian yake a daren, filafilai a naɗe, kil a ɗage, iyakarsa digiri 70.6 ce, kuma iskar da ta kai wajen kilomita 117 a awa daga gefe ta isa ta kwantar da shi. Ƙananan jiragen da ake fita teku da su yawanci suna wuce digiri 110 su dawo.

Kabiru Legas: Ke nan Malama maganata ta tabbata, ɗaga kil ɗin ne ya jawo.

Malama Zainab: A'a Malam Kabiru, ban faɗi haka ba. Jigon mita 72 da igiyoyinsa su kansu filafili ne idan guguwa ta zo, ko babu ƙyalle ko ɗaya a buɗe. Sannan akwai ƙofofi da tagogin iska da ruwa ke samun hanya ta cikinsu da zarar jirgi ya kwanta. Abin da ya fi taɓa ni a rahoton shi ne cewa wannan raunin ba ya cikin littafin daidaiton jirgin da ke hannun ma'aikata, ba su san da shi ba. Darasin da ya shafe ka shi ne ka san lissafin jirginka a ɗage da a sauke, ba wai ka guji duk kil mai motsi ba.

Injiniya Sani: Kuma kada a ɗauka kafaffen kil ba ya cin amana. A watan Mayu 2014 jirgin Cheeki Rafiki, mai kafaffen kil da aka ɗaure da kusoshi, ya rasa kil ɗinsa a tsakiyar Tekun Atlantika yana komawa Ingila, ya kife, mutum huɗu suka tafi. Tun 1997 haka ta faru da Tony Bullimore a tekun kudu, sai dai shi Allah ya yi da sauran kwana, ya yi kwana huɗu a cikin kifaffen jirgin kafin sojojin ruwan Ostareliya su ciro shi.

Baba Habu Yawuri: Yara, ina ta karanta ku. Ni ban taɓa hawa jirgin filafili ba, amma a bakin ruwa aka haife ni, mahaifina kwale-kwale yake sassaƙawa. Mu namu ƙasansu a shafe yake, ba don ba mu da dabara ba, sai don kogi ba ya zama wuri ɗaya. Inda ka wuce lafiya bara, bana tudun yashi ne. A tafkin Kainji kuma, tun da aka tare ruwa a 1968, kututturan itatuwa suna nan a tsaye a ƙasa, ba ka ganinsu sai sun gaisa da jirginka. Abin da na sani shi ne duk abin da ya leƙo ƙarƙashin jirgi wata rana zai bugi wani abu. Tambayata ɗaya ce Injiniya: in ya buga, wanne ne zai ba da hanya, wanne ne zai yage cikin jirgin?

Injiniya Sani: Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar da ta fi kowace ke nan. Mai juyawa a kan ƙusa shi ne mai ba da hanya: in ya bugi yashi sai ya naɗe baya, jirgin ya wuce. Wanda ake ja a miƙe ba ya da inda zai je, duk bugun akwatinsa ne zai sha, kuma in akwatin ya tsage ruwa ya samu ƙofa. Kafaffe kuma yakan tura bayansa sama ya fasa haƙarƙarin jirgi daga ciki, a waje ba a ganin komai.

Sai dai mai juyawar ma yana da tarko. In ka bar shi sake don ya ba da hanya, ranar da iska ta kwantar da jirgin ƙwarai, nauyinsa zai sa ya faɗo ya koma cikin akwati, daidai lokacin da ake buƙatarsa a waje. Shi ya sa ake yi masa makulli. A ruwa mara zurfi, iska a kwance, ka buɗe makullin. Za ka fita bakin teku, ka sauke shi duka ka kulle. Mai jirgi ne zai riƙa yanke wannan hukuncin kowace fita.

Aliyu Alƙahira: Ni na ga irin wannan da idona a Aswan. Jiragen faluka na kogin Nilu suna da farantin ƙarfe a tsakiya, matuƙin yana sauke shi in zai yanki iska, yana ɗagawa in ya matso gaɓa. Ban san sunan abin ba sai yau.

Malama Zainab: Tsohuwar dabara ce Aliyu. Mutanen Holan, da ruwansu ba zurfi, a gefen jirgi suke rataye allunan, ɗaya dama ɗaya hagu. Jirgin Lady Nelson da Ingila ta aika binciken gaɓar Ostareliya a 1800 yana da kil uku masu zamewa, ƙirar Kyaftin John Schank.

Nura Damagaram: Salamu alaikum manya. Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Ina karatu a Lorient a Faransa, inda manyan jiragen tsere suke da sansani, kullum ina ganinsu a tashar. A ganina duk wannan muhawara ta nauyi a sama ko a ƙasa ta kusa zama tarihi. Jiragen gasar Kofin Amurka na yanzu, AC75, ba su da kil kwata-kwata. Hannuwa biyu gare su a gefe, kowanne da fiffike a ƙarshensa. Ana sauke na ɓangaren da iska ke tura jirgin, a ɗaga ɗayan sama. Da gudu ya kama sai duk jikin jirgin ya fita daga ruwa, yana tafiya a kan fiffike ɗaya da na jikin sitiyari, yana haura kilomita 90 a awa. Me zai sa mutum ya yi ta jan tan-tan na dalma?

Baba Habu Yawuri: Ɗana, jirgi ya fita daga ruwa kuma? Da iska kawai, ba inji?

Malama Zainab: Gaskiya ne Baba. Ka ɗauki faifai ka nutsa shi cikin ruwa, ka ɗan ɗaga bakinsa na gaba, ka ja shi da sauri. Za ka ji yana neman tasowa sama. Fiffiken jirgin sama haka yake aiki, sai dai ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ɗan ƙaramin fiffike ya isa ya ɗaga jirgi. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar sau huɗu yake ninkawa. Da jikin jirgi ya bar ruwa kuwa, ya huta da ture igiyar ruwan da shi kansa yake tayarwa, wadda ita ce ke hana jirgi mai mita 10 wuce kilomita 14 ko 15 a awa komai ƙarfin iska.

Amma Nura, a cikin wannan lissafin ne amsarka take. Abin da ke ƙaruwa da gudu, yana ɓacewa in gudu ya ɓace. Jirgin da ya tsaya cak, fiffikensa ba ya ɗaga komai. Dalma kuwa tana aiki ko matuƙi yana barci, ko jirgi yana kan anka da tsakar dare. Kabiru ba tsere zai je ba, da yara zai fita.

Nura Damagaram: Na yarda Malama, amma hannuwan AC75 ɗin ma suna da nauyi a jikinsu, ba fanko ba ne. Kuma ku dubi sakamako. Gasar Vendée Globe, mutum ɗaya ya zagaya duniya ba tsayawa ba taimako, daga Les Sables d'Olonne ya dawo can. Wanda ya ci ta farko, Titouan Lamazou, kwana 109 ya yi a 1990. A Janairu 2025 Charlie Dalin ya gama a kwana 64 da awa 19, da jirgi mai fuka-fukai. Wannan ba tafki ba ne, tekun kudu ne.

Injiniya Sani: Nura, ƙanena, ka tsallake wasu lambobi. François Gabart ya yi kwana 78 a 2013 ba fiffike ko ɗaya. Armel Le Cléac'h ya yi 74 a 2017 da fuka-fukai na farko. A 2021 da fuka-fukan suka ƙara girma, wanda ya ci, Yannick Bestaven, kwana 80 ya yi. Yanayin iska yana da nasa kaso. Sannan abin da ya fi muhimmanci: jiragen wannan gasar, waɗanda ake kira IMOCA, duk suna da kil, zurfinsa mita 4.5, da dunƙulen dalma a ƙasa. Ba a ɗaga shi sama, amma ana karkata shi gefen da iska ke fitowa da ƙarfin matsin mai, don nauyin ya yi nisa da tsakiya. Fuka-fukan ƙari ne a kai. A wannan gasar babu wanda ke shiga tekun kudu ba dalma a ƙasansa.

AC75 kuwa kusa da gaɓa suke tsere, na ɗan lokaci, da jiragen ceto a bayansu. A Janairu 2021 na ƙungiyar American Magic ya kife a Auckland, cikinsa ya huje, da ƙyar aka hana shi nutsewa.

Nura Damagaram: Hakane. Amma ko da fiffike ya karye ana ci gaba. Alex Thomson ya rasa na dama a kudancin Atlantika a 2016, ya zo na biyu. Sébastien Simon ma ya rasa nasa a Disamba 2024, ya zo na uku.

Injiniya Sani: Me ya ba su damar ci gaba? Kil ɗin da ke ƙasa. Ka ga ka kawo mini hujja da kanka.

Ni abin da ke damuna da fuka-fukai ba karyewarsu ba ce, nauyin da suke ɗora wa jikin jirgi ne. Dokar IMOCA ta hana sa fiffike a sitiyari, don haka jirgin ba ya tashi a daidaice, tsalle yake yana faɗowa kan igiyar ruwa da gudu. Ranar 30 ga Nuwamba 2020 jirgin Kevin Escoffier ya shiga wata igiyar ruwa kudu maso yamma da Cape Town, ya karye gida biyu. Saƙo kawai ya samu ya tura ya faɗa rigar ceto da ƙaramin jirgin roba, ya kwana a ciki. Wanda ya tsamo shi Jean Le Cam ne, dattijo mai shekara 61, a tsohon jirgi na 2007 mara fuka-fukai. Kuma Le Cam ɗin ya ƙare na huɗu a gasar.

Hadiza Kaduna: Ina bin ku a hankali. Tambaya: in fiffike yana ƙara ɗagawa da gudu, me ke hana jirgin ficewa daga ruwan gaba ɗaya ya yi sama?

Nura Damagaram: Yaya Hadiza, yakan faru! In fiffiken ya matso saman ruwa sai ya zuƙo iska, ɗagawar ta yanke nan take, jirgin ya faɗo da hanci. A ƙananan jiragen Moth akwai wata sanda siririya a gaba da ke shafar saman ruwa. In jirgin ya yi sama da yawa, sandar ta sauka, ta ja wata waya da ke rage lanƙwasar bayan fiffiken, sai ya dawo. Ba batir ba kwamfuta. Rohan Veal ya ci gasar duniya ta Moth da fuka-fukai a 2005, daga nan kowa ya bi. A manyan jirage mutum ne ke riƙe da abin sarrafawa.

Malama Zainab: Akwai kuma katanga ta biyu. In gudu ya kai wajen kilomita 90 zuwa 95 a awa, matsin da ke saman fiffike yana raguwa har ruwan ya fara tafasa ba wuta, ya zama kumfa, ɗagawar ta lalace. Jirgin Hydroptère na Faransa ya yi kimanin kilomita 95 a 2009. Paul Larsen ne ya tsallake katangar da Vestas Sailrocket 2 a Walvis Bay ta Namibiya a Nuwamba 2012, kilomita 121 a awa a kan tazarar mita 500, da fiffiken da aka ƙera musamman don ya yi aiki a cikin wannan yanayin.

Baba Habu Yawuri: Ikon Allah. To ni dai tambayata tana nan. Mai gudun kilomita 90 in ya haɗu da kututture fa?

Nura Damagaram: Wannan kam Baba ba a gama magance ta ba. A teku kututturen shi ne kifi whale, ko kwantenar da ta faɗo daga jirgin kaya, ko igiyar masunta. Yanzu suna sa kyamara a saman jigo mai gano abu a gaba, amma abin da ke ƙarƙashin ruwa ba ta ganinsa. Kuma fuka-fukan sun faɗaɗa jirgin, abin da a da za a wuce ta gefensa yanzu sai a kwashe shi.

Kabiru Legas: Lagun ɗinmu ma ba a rasa gungume da leda da ragar masunta, ga kainuwa in lokacinta ya yi. Fiffike dai ba nawa ba ne. Injiniya, mu dawo kan jirgina. Asabar za mu je dubawa. Me zan duba?

Injiniya Sani: Kada ku duba shi a kan ruwa kawai. Ku biya a ɗaga shi sama, ko da mai sayarwa ya ce ba buƙata. A sauke kil ɗin duka kana tsaye, ka kama ƙarshensa ka girgiza dama da hagu. Ɗan motsi ba laifi, amma in yana ƙwanƙwasa, ramin ƙusar ya cinye. Ka sa a zare ƙusar ka gan ta da idonka, don ruwan gishiri yana cin ƙarfe daga inda ido ba ya kaiwa. Wayar da ke jansa kuwa kada ka tsaya dubawa, canza ta kawai, ka duba inda aka ɗaura ta a jikin kil ɗin, nan ne take yawan tsinkewa. In ta tsinke kil yana sama, duk nauyin zai faɗo lokaci ɗaya ya bugi gaban akwatin. Ka haska fitila cikin akwatin ka nemi tsaga ko sabon faci. Baƙin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya maƙale a ciki, ga ƙananan kifin ɓawo da ke manne masa, saboda haka ku ɗaga ku sauke sau uku ku ga ko yana tafiya sumul.

Sai makullin. In babu shi, ko an cire an yar, kada ku wuce bakin mashigar teku da jirgin sai an yi sabo.

Malama Zainab: Ka nemi takardar maƙerin jirgin kuma, ka ga kilo nawa ne a kil, kilo nawa ne a cikin jirgin. In duk nauyin a kil yake, kada a buɗe filafili yana ɗage, ko da a lagun ne. Kuma rigar ceto ga kowane yaro tun daga gaɓa.

Kabiru Legas: Na rubuta duka. Na kira mai jirgin yanzu, ya ce akwai ramin makullin amma ƙusar da ake zurawa ta ɓace tun wajen mai shi na farko, shi bai taɓa kullewa ba. Na ce masa sai an ɗaga jirgin ranar Asabar mun auna ramin. Injiniya, in za a yanka sabuwa, wane ƙarfe zan ce wa mai walda?

Injiniya Sani: Ba aikin mai walda ba ne, wajen mai injin gurza ƙarfe za ka kai. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, kada ka karɓi 304, ba ya jure ruwan gishiri kamarsa. Ka turo mini faɗin ramin da kaurin bangon akwatin in ka auna, da hoton wurin ta ciki.